Sunan da Adda Ta Riƙe a Baki

Shuwarin, ta Dutse,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ɗana Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da sauƙin da ya fi na jiya, Ya sa wannan kwanciya ta zama kankarar zunubi, Ya tashi kafaɗunka. Yaya jikin? Yaya Munira da ɗawainiyar asibiti? Allah Ya saka wa yarinyar nan da Aljanna, domin abin da take yi a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, mata uku ne suke yin sa a nan. Yaya amaryata Khaulat? Ka faɗa mata angonta na nan, gemun ya ƙara fari amma har yanzu ban yi mata kishiya ba.

Mu nan lafiya, sai godiya. Damina ta yi albarka, riɗi ya yi kyau daga Kiyawa har cikin Dutse, kasuwa ta cika da baƙin fuskoki masu saye. Ƙaninka Uwaisu yana nan yana fama da karatunsa a jami'a, ran kasuwa yana zuwa ya tsaya mini a rumfa. Modibbo, malamin rugarmu, bai taɓa tashi daga sallar Juma'a bai sa ka a addu'a ba. Jikanyar saniyar nan da marigayi mahaifinka Bubayero ya ba ka ranar sunanka ta haifi maraƙa ja mai farin goshi. Adda ta fi kula da ita a kan duk garken, dusar ta daban, ruwan ta daban, amma in ka tanka sai ta ce ai saniyar ce mai kwaɗayi. Ka dai san ta.

Za ka yi mamakin ganin kawunka ya ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ina aji uku na sakandare. Dalili biyu ne. Munira ta ce magana tana gajiyar da kai yanzu, gara abin da za ta karanta maka a hankali, ta tsaya in ka gaji. Na biyu kuwa, ka san bakina bakin dillali ne. In na kira ka a waya zan fara yi wa maganar kwalliya, in shafa mata mai, in juya maka gefen da ba tabo, har mu rabu ba ka san abin da na sayar maka ba. Takarda ba ta ba ni wannan dama. To ga maganar tsirara: sun hana Adda biza. Mahaifiyarka ba za ta zo ba, aƙalla ba a kwanan nan ba. Munira ta sani tun makon jiya, ni na roƙe ta kada ta faɗa maka sai na rubuto, don haka kada ka ga laifinta. Ina so ka ji yadda aka yi daga wurin wanda ya raka ta, kada shaiɗan ya raya maka cewa ita ce ta ja baya.

Wallahi ba ta ja baya ba. Ranar da Munira ta kira ta ce likitoci sun hana ka hawa jirgi, ni na je rugar na faɗa wa Adda. Tana kaɗa nono a lokacin. Ba ta ɗago ba, ba ta daina kaɗawa ba, ta ce Allah Ya sawwaƙe, kamar labarin wani maƙwabci na kawo. Na tashi zan tafi, har na hau babur, sai ta biyo ni bakin shinge ta tambaye ni wai ƙasar nan, tsohuwa irinta tana iya zuwa? Matar da Kano ma sau nawa ta taɓa gani. Na ce tana iya zuwa mana, in dai ni Jaji ina numfashi.

Kuma na yi aikin yadda ya kamata, ba yabon kai ba. Fasfo muka yi shi nan Dutse. Takardar asibitin da kuka aiko, da takardar gayyata, da shaidar haihuwarka mai sunanta a jiki, da shaidar cewa tana da garke da gona da 'ya'ya da jikoki da za su dawo da ita, babu wadda ban haɗa ba. Na bi waɗanda suka taɓa nema na sha kunnensu ɗaya bayan ɗaya. Su suka gaya mini cewa yanzu ba Bature ne yake zama ya yi maka tambayoyi ba, na'ura ce, abin nan da 'yan rediyo suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ta yi maka tambaya da Hausa, ta ɗauki fuskarka da muryarka, ta auna, ta yanke. Har daɗi na ji. Na ce to madalla, ba tafinta mai rage zance, ba mai raina zanen tsohuwa. Na zaunar da Adda na yi ta yi mata bita kamar mai shirin jarrabawa: sunan garin da kuke, sunan ciwon, wata nawa za ta yi, wa zai ɗauke ta a filin jirgi, me zai dawo da ita. Ta haddace tsaf. Adda ba ta da boko amma kanta ya fi nawa riƙo.

Ita kuma ta shiga nata shirin. Ta daka gero ta yi garin fura, ta shanya kuka, ta sa aka samo mata dabinon Dutse daga bishiyar gidan marigayiya Goggo Sa'adiya, wadda ka yi ta hawa kana yaro har ka karye a hannu. Ta soya man shanu ta ɗura a gora. Na gaya mata ba lalle a bar ta ta shiga jirgi da mai ba, ta ce in an hana ta sai ta ba wanda ya hana ɗin ya kai wa iyalinsa. Ta ɗaure komai a jaka ta ajiye a kan gado. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba. In an tambaya sai ta ce na yarinyar nan ne, Khaulat, wadda ko haƙoran cin dabino ba su gama fito mata ba.

Muka tafi Kano ranar da aka ba mu. Ba a bar ni na shiga ba, a bakin ƙofa aka tsayar da ni tare da sauran 'yan rakiya. Wani ma'aikaci ya kai ta wani ɗan ɗaki, ya zaunar da ita gaban allo, ya sa mata abin ji a kunne, ya ja ƙofa ya fita. Ita kaɗai da na'ura. Da ta fito na tambaye ta yaya, ta ce lafiya lau, abin yana da ladabi, har sannu ya yi mata. Muka hau mota muka dawo. Ba mu kai Wudil ba wayata ta yi ƙara. Ka ji fa, Zainu, ko buhun riɗi ba na yanke masa daraja da wannan sauri, sai na zura hannu har ƙasa na ga abin da aka ɓoye. Amma rayuwar uwa da ɗa an auna ta an gama kafin direba ya tsaya shan mai. Na ga saƙon da Turanci, na gane kalmar farko, na mayar da wayar aljihu. Adda tana kallon taga. Na ɓoye mata labarin har muka isa gida.

Uwaisu ne ya karanta mana shi dalla-dalla. Wai mai nema ta kasa faɗin sunan wanda za ta je wurinsa. Wai da aka tambaye ta ko ɗanta ne, ta ce ɗan wata mata ne daban. Wai ta yi ta kawar da ido, tana jinkirin amsa, abin da ke nuna ɓoye gaskiya. Saboda haka dangantakar ba ta tabbata ba, kuma takardun da suka ce ita ta haife ka abin tuhuma ne. Uwaisu bai kai ƙarshe ba ya ajiye wayar. Ni kuwa na zauna a kan turmi na riƙe kai, domin a take na ga abin da ya faru a ɗakin nan kamar ina ciki.

Kai ɗan fari ne. Tun ranar da aka yi maka huɗuba sunanka bai taɓa fita daga bakin Adda ba, kamar yadda sunan babban yayanmu bai taɓa fita daga bakin Innarmu ba. Da aka yaye ka aka miƙa wa Goggo Sa'adiya, ita ta goya ka, ita ta kai ka makaranta. Kai kanka ba ka taɓa ce mata Inna kamar Uwaisu ba, Adda kake cewa, don a bakina ka ji. Ita kuma in dole ta kama ta sai ta ce Na Goggo. Na'ura ta tambaye ta sunan wanda za ta ziyarta, ta sunkuyar da kai ta ce Na Goggo ne. Ta sake tambaya, ta ce mijin Munira, baban yarinyar nan. Ta tambaye ta kai tsaye ko ɗanta ne, sai Adda ta ba da amsar da take bayarwa shekara da shekaru a gidan biki da bakin rijiya, ta ce ɗan Goggo Sa'adiya ne. Ta gaya mini daga baya cewa ita a zatonta ta amsa da kyau, domin duk mai hankali da ya ga mace ta sunkuyar da kai ta ƙi kama suna, ai ya gama sanin wace ce ita a wurin yaron. Kuma gaskiyarta. Da ko mai tallan goro aka ɗauko daga tasha aka zaunar a kujerar nan, da ya ce a ba ta, wannan uwa ce. Shaidar da ta fi kowace takarda ƙarfi ita ta bayar, na'ura ta rubuta ta a matsayin ƙarya.

Duk bitar da na yi mata, tambayar nan ba ta zo mini a rai ba. Ba ni ba, ba Uwaisu mai jami'a ba, ba Modibbo ba. Wa zai tuna? A cikin abin muka tashi, ba ma ganin sa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ka tuna Yahuza na layin 'yan awo, wanda yake jiƙa riɗi da daddare ya yi nauyi da safe? Shi ma ya nema, a ofishin nan, gaban allon nan, wai zai je baje kolin kayan gona. Mutumin da ko akuya bai taɓa kai wa baje koli ba. An ba shi. Ya zo rumfata yana ba ni shawara, wai sirrin shi ne ka kafe kyamara da ido kada ka ƙifta, ka amsa kafin a rufe baki. Na ce masa ai na sani, da wannan idon ya sayar mini da jiƙaƙƙen kaya sau biyu. Shekarata talatin da wani abu a kasuwa, Zainu, kuma abin da na koya shi ne maƙaryaci ba ya sunkuyar da kai. Shi ne mai kallon ka tsakiyar ido, amsarsa a shirye, rantsuwarsa a kan leɓe. Mai gaskiya shi ne yake in-ina. Ban san a wace kasuwa aka koya wa na'urar nan sanin mutane ba, amma da yarona ce da tuni na sallame ta.

Ban zauna ba. Akwai lambar da suka ce a kira in ana da ƙorafi. Na kira, wata murya ta mace ta ɗauka, Hausa garau, ta fi ta masu karanta labarai daɗi. Na gaishe ta da kyau, na tambayi iyali, na yi mata bayanin ɗan fari tun daga tushe. Ta ce ta fahimci damuwata, ta yi mini fatan alheri, ta ce hukuncin yana nan. Na sauya salo na yabe ta, na ce daga jin muryarta 'yar babban gida ce. Ta gode, ta ce hukuncin yana nan. Na yi fushi, na ɗaga murya, na yi irin tafiyar nan ta mai saye da yake jira a kira shi ya dawo. Ba ta kira ni ba. Na ce ta haɗa ni da maigidanta, ta ce ita ce mai taimaka mini. Sai a nan Uwaisu ya taɓa ni ya ce Kawu, wannan ma na'ura ce. Ka san ni, babu ofishin da na taɓa shiga a Dutse na rasa wanda zan kama. In ban san mutum ba na san garinsu, in ban san garinsu ba na san wanda ya auri ƙanwarsa. Wannan abu ba shi da gari, ba shi da suruki, ba ya zuwa jana'iza, ba inda za ku haɗu ya ji kunyarka. Ranar na san na tsufa.

Mun ɗaukaka ƙara. Modibbo ya rubuta bayanin al'adar da hannunsa, wani malamin jami'a ya mayar da shi Turanci, mai unguwa ya sa hannu. An ce mana in layi ya zo kanmu ɗan Adam ne zai duba, amma layin watanni ne. Munira kuma ta gaya mini abin da likitoci suka ce, na san kai ma sun gaya maka, don can ba sa ɓoye wa majiyyaci. Rai a hannun Allah yake, ba a hannun likita ba, kuma ban fid da tsammani ba. Sai dai na yi maka alkawarin ba zan shafa wa maganar mai ba.

Adda ba ta yi kuka ba, a gabanmu dai. Abin da ta riƙa yi shi ne, duk ran kasuwa sai ta kwance jakar, ta fitar da man shanun da ya kwana biyu, ta soya sabo ta ɗura, ta sake ɗaurewa. Matata ta je ta kwana biyu a wurinta, ta dawo ta ce mini ta ga Adda a bayan garke da hantsi, ita kaɗai tsakanin shanu, leɓenta yana motsi ba sauti, kamar mai koyon wata sura mai wuya.

Shekaranjiya ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi wanka ta sa zanen da ta je Kano da shi. Ta ce in kira mata abin nan, ta shirya, yanzu za ta faɗa masa sunan. Na rasa ta inda zan fara. Na ce mata Adda, abin nan ba ya sake tambaya, ya riga ya rufe, ko ta faɗa ba mai ji. Can sai ta tambaye ni ko wayar tana iya ɗaukar magana ta kai inda Munira take. Na ce tana iyawa. Ta ce to in danna mata, in ajiye, in fita, in ja mata ƙofa, in yi nisa.

Na danna, na ajiye, na fita, na ja ƙofa. Nisan ne ban yi ba, ka san kawunka. Na tsaya jikin zana, kuma ban yi nadama ba, domin abin da na ji ba na zaton zan sake jin irinsa. Na ji ta yi bismilla. Sannan ta kira ka. Ba Na Goggo ba, ba Zainu irin namu ba, cikakken sunan, a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai sauke ƙwarya cike da nono daga ka tana tsoron kada ya zube. Ban taɓa sanin haka sunanka yake da tsawo ba. Sauran abin da ta faɗa naka ne, ba zan rubuta shi ba, za ka ji da kunnenka. Abu ɗaya kawai zan tsegunta maka don kada muryarta ta shige maka a wurin, saboda ta yi ƙasa sosai: ta ce lokacin da kake gidan Goggo, kullum in ta dawo daga tallan nono ba hanyarta ba ce amma ta nan take bi, ta tsaya bayan danga ta leƙa har sai ta ga ka ci abinci. Ni ƙaninta ne, ɗaki ɗaya muka fito, ban taɓa sani ba.

Da ta fito ba ta dube ni ba. Ta miƙo mini wayar, ta koma ciki ta ɗauko jakar nan ta kwance a tsakar gida. Garin furar ta ba maƙwabta, kukar ta ba matar Modibbo, man shanun ta ce a kai masallaci sadaka. Ba ta soya sabo ba. Na ce mata ta bari mana, ai ƙararmu tana nan. Ta ce to, Allah Ya sa, ta ci gaba da rabo. Dabinon kaɗai ta ƙulle a gefen tsohon zanenta ta ce in san yadda zan yi ya isa. Kuma ka ji ikon Allah, wanda zai kawo maka shi Yahuza ne, don shi ne mai biza, jibi zai tashi. Na sa shi ya dafa Alƙur'ani. Duk da haka Munira ta duba ƙullin da kyau, in ta ga alamar an kwance ta gaya mini, rumfarsa ba ta da nisa da tawa.

Uwaisu zai ɗauki hoton takardar nan ya tura wa Munira tare da muryar. Munira 'yata, ke da kike karantawa, in kin kai nan ki ajiye, ki gyara masa matashi, ki sa masa wayar a kunne, ki fita ki ja ƙofa. Ke ki yi nisa, kada ki yi irin ta kawu.

Kai kuma ɗana, roƙo ɗaya gare ni. In Allah Ya ba ka ƙarfin kalma ɗaya tak, kada ka ɓata ta a kaina ko a kan gaisuwa. Ka sa Munira ta danna maka, ka kira ta. Kada ka ce Adda, wannan nawa ne, aro ka yi. Ka san sunan da Uwaisu yake kiran ta da shi, kai ka riga shi cancanta. Ba ta roƙa ba, ba kuma za ta roƙa ba, amma tun shekaranjiya duk sanda nake rugar wayata ta yi ƙara sai ta daina abin da take yi.

Modibbo yana gaishe ka da addu'a. Uwaisu yana gaishe da yayansa, ya ce maraƙar tana jiran ka ka raɗa mata suna. Matata da yara suna gaishe da Munira, mutanen rumfa da na ruga duk suna yi maka sannu. A shafa mini kan Khaulat. Na tambayi Adda ko in sa gaisuwarta a takarda, ta ce a'a, ita ta riga ta yi tata.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya haɗa fuskokinku, a nan ko a inda ba a tambayar uwa shaida.

Wassalam. Ni ne kawunka,
Jaji